Takalman Roba

Da aka kawo shi daga Tampere cikin watan Agusta
yaron ba ya haɗa ido da kowa.
Shekara shida, farce duk a cinye,
kafaɗu a ɗage kamar mai jiran duka,
alhali ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu.
Uwarsa Marjut ta ce, "Tun da muka rabu da ubansa
maganar Ilmari ta koma ciki."
Ta bar mini shi da jaka guda
da wata 'yar na'ura mai haske da yake runguma kamar mage.

Ni ban iya lallashi ba.
Shekara talatin ina awon gungume a kamfanin katako,
bakina ya saba da lissafi, bai saba da zaƙi ba.
Abin da na sani daji ne.
Na zura masa takalman robar kawunsa, sun yi masa yawa,
na miƙa masa bokiti, na ce mu je.

Ranar farko a bakin hanya ya toge yana korar sauro.
Rana ta biyu santsin gansakuka ya kwashe shi,
ya kwanta yana jiran in yi ihu.
Ban yi ba.
Ya tashi, ya dubi gwiwarsa, ya dubi ƙasa,
ya ga ƙasar ba ta riƙe shi da komai ba.

Sai muka iske gidan tururuwa a gindin wani dogon icce,
tudu guda, ya kai masa ƙugu.
Ya durƙusa.
Inuwa ta tashi daga wannan dutse ta koma wancan,
bai motsa ba.
Na zauna kan kututture ina kurɓar gahawa.
Can ya ce, kuma ba da ni yake ba,
"Wannan ta ɗauko abin da ya fi ta."
Kalma takwas.
Na ƙirga su kamar yadda nake ƙirga gungume,
na haɗiye amsata don kada in kore su.

Bayan nan harshensa ya rine da 'ya'yan daji
kamar an tsoma shi a baba.
Bokitin dai kullum rabi yake dawowa.
Ya gane wane dutse ke zamewa, wane ke riƙe ƙafa,
ya tsallake rafi a kan faɗaɗɗen icce
hannu biyu a buɗe, leɓe a cije,
ni kuma na juya kai ina kallon wani wuri,
zuciyata na dukan uku-uku.

Akwai wata Laraba da ba na mantawa.
Ya tsinci busasshen reshe a bakin tafki,
ya yi ta maka shi a jikin dutse,
yana maka, yana kiran sunan ubansa,
har reshen ya zama tsinke.
A benen da suke haya, maƙwabci kan buga bango
in yaro ya yi gudu.
Nan babu bango.
Tafkin ya karɓi ihun, ya mayar masa da ragowa,
agwagin ruwa suka tashi, suka kewaya, suka sake sauka.
Ya yi kukansa har ya ƙoshi,
sannan ya ce yunwa yake ji.

Marjut ta dawo da sanyin Oktoba, raɓa ta fara daskarewa.
Tun kafin ta ajiye makulli ya ja hannunta sai gindin iccen nan.
Tudun shiru, ko ɗaya ba ta yawo.
Ta ce, "Ayya, sun tafi."
Ya ce, "Suna ciki. Ba tafiya suka yi ba.
In ƙanƙara ta narke za ki gan su."
Ta dube ni. Na dubi bokiti.

Na'urar nan na tsince ta ƙarƙashin gado, ba caji.
Takalman suna bakin ƙofa da busasshen taɓo,
ban wanke ba.
Har yanzu sun yi masa yawa,
amma ba kamar da ba.